Fuskar Ce Ta Yi Kuskure

Duk layin babu mai kiran mai hoto da sunansa na yanka. Ɗan Murmushi ake ce masa, don maganar da ba ta barin bakinsa ke nan da zarar ya ɗaga kyamara. Ko fasfon da za ka kai kotu ka zo ɗauka, sai ya ce maka, "Ɗan murmushi." An ce har wani da ya zo da haƙori a kumbure bai tsira ba.

Shagonsa ɗaki ɗaya ne da aka raba biyu da katako. A gaba akwai benci, da madubi mai tsaga a gefe, da allon da aka rubuta wa da jan fenti: BA A TAƁA DAWO MANA DA HOTO BA. A ciki akwai fitilu biyu masu lema, da kwamfuta, da shuɗin labulen da mutane ke tsayawa a gabansa. Labulen nan ya fi ƙaunarsa a kan wasu 'yan'uwansa na jini. Abu na biyu da yake ji da shi gemunsa ne, baƙi wuluk, wanda yake rantsuwa haka Allah ya bar masa. Kowa a layin ya san ranar da yake rina shi, don ranar har kunnuwansa baƙi suke wuni.

Amma babban abin taƙamarsa ƙurajen fuska ne. Akwai wani abu a kwamfutarsa da yake kira magogi. In ya ɗora shi a kan ƙurji ya danna, ƙurjin ya tafi. Tun yana cewa "na goge" har ya koma cewa "na warkar."

"Likitoci tausayi suke ba ni," yakan ce wa tela, maƙwabcinsa. "Su ƙare ƙuruciyarsu a karatu, a ƙarshe su ce wa mutum ya dawo bayan wata uku. Ni fuskokin da nake warkarwa kafin azahar, babban asibiti bai warkar da su a shekara ba."

Tela kuwa mutum ne da bai taɓa ganin wuta ya kawo ruwa ba, sai dai ya tura mata kara. Yakan cije zare ya ce, "Ai kai asara aka yi da ba a ba ka farar riga ba."

Rannan da hantsi sai ga Auta, 'yar ƙanwarsa, ta shigo da katin jarrabawa a hannu, uwarta na biye. Auta tun tana ƙarama ba ta da buri sai ta tuƙa jirgin ƙasa. Yanzu ta girma, ta ci matakin farko na neman aikin, saura jarrabawar ƙarshe, wadda ba a shiga sai an gwada fuskar mutum da hoton da ke kan katinsa. Hoton kuwa kawunta ne ya ɗauka.

"Kawu, an koro ni."

"Wa ya isa?"

"Mai tantancewa a ƙofa. Ya dubi katin, ya dube ni, ya sake duban katin. Ya ce in koma gida in turo wadda ke cikin hoton ta zo ta rubuta da kanta."

Ɗan Murmushi ya karɓi katin ya ɗaga shi a haske, zuciyarsa ta yi fari. Auta tana da ƙuraje a goshi da kumatu da haɓa, ya share su tas. Da yake hannu ya riga ya ɗau zafi, sai ya wuce ya rage hanci, ya ɗaga gira, ya kwashe tawadar Allah da ke gefen bakinta. Yarinyar da ke kan katin kyakkyawa ce ƙwarai, sai dai ko uwar da ta haifi Auta ba ta santa ba.

"Sun ce in kawo hoton da ya yi kama da ni ranar Asabar da safe," in ji Auta. "In ban kawo ba a ba wani gurbina. Ka sake ɗaukata kawai, Kawu, kada ka taɓa komai."

Ya dubi allonsa mai jan fenti. Ya kuma lura keken tela ya daina ƙara, wato kunnen tela na manne da bango. In ya sake ɗauka, an dawo masa da hoto ke nan, kafin la'asar duk layin ya ji.

"Hoton nan daidai yake," ya ce. "Fuskar ce ta yi kuskure."

Maganar nan ta fi korar da aka yi wa Auta zafi, don mai ƙofa bai santa ba, kawu kuwa a hannunsa ta koyi tafiya. Can ta ce, "To in je wani shagon."

"Ki je ina?" in ji uwarta. "Yayana yana da shago, ki kai fuskarki wani wuri, a ce me? Yaya, ka yi mata yadda ka ga ya dace."

"Abu mai sauƙi. Ba hoto za mu lalata ya bi fuska ba. Fuskar za mu gyara ta bi hoto."

"Har da hancin?" in ji tela daga bayan bango.

"Hanci sai a hankali."

Auta ta ce ai tana ganin likitar fata, har an ba ta man shafawa ta fara. Ɗan Murmushi ya ce madalla, gobe tare za su je, don abokan aiki ya kamata su riƙa tuntuɓar juna.

Likitar mace ce mai sanyin magana. Tana ganinsa ya ja kujera ya zauna kusa da teburinta ba a ce masa ba, ta tambaye shi ko shi ne uban yarinyar.

"Kawunta ne. Ni ma ina wannan fannin."

"A wane asibiti?"

"Mai zaman kansa." Ya gyara zama. "Na duba ta. Datti ne. Ba ta dirza fuska yadda ya kamata."

"Ba datti ba ne," in ji likita. "Fata tana da ƙananan ƙofofi da maiƙo ke fita ta cikinsu. In maiƙon ya yi yawa, kamar yadda yakan yi a shekarun tashen girma, sai ya haɗu da matacciyar fata ya toshe ƙofar. Ƙwayoyin cuta su samu wurin zama, wurin ya kumbura. Shi ne ƙurji. Dirza ba ta buɗe ƙofar, sai dai ta fusata fatar. Matsewa kuma tabo take bari."

"Abin da na faɗa ke nan, da wasu kalmomi."

Likita ta yi kamar ba ta ji ba. "Magani hawa-hawa ne. Ana farawa da na shafawa. In bai isa ba, a haɗa da ƙwayoyin sha na ɗan lokaci. Masu tsanani, waɗanda ke barin rami a fuska, akwai wani mai ƙarfi da ba a bayarwa sai ana bibiyar mutum a asibiti. Nata bai kai can ba. Amma kowanne aka ɗauka, sai an ba shi wata biyu ko uku kafin a ga aikinsa sosai."

Ɗan Murmushi ya riga ya bar ɗakin da hankalinsa. Hoton likita na ranar kammala karatu yake kallo a bango, yana takaicin yadda aka bar haske ya yi mata yawa a goshi. Sama-sama ya ji tana ce wa Auta ta shafa kaɗan, siriri, kamar ba ta shafa ba, ta guji zama cikin rana, ta kuma kula da tawul da rigar matashin kai, don man nan yana goge launin abin da ya taɓa.

Kalma ɗaya ce ta dawo da shi.

"Yana me?"

"Yana goge launi. Na tufafi, wani lokaci har na gashi."

Ƙarshen maganar ya faɗi a ƙasa, bai tsaya ɗauka ba. Suna fita ya kama hannun Auta.

"Kin ji ta? Da bakinta ta faɗa. Yana gogewa. Magogi ne aka ɗura a bututu. Suna cewa a shafa kaɗan ne don mutum ya yi ta dawowa. A kwamfuta in magogi bai ci ba, girma ake ƙara masa, a kai ƙarfinsa ƙarshe."

"To ka fara gwadawa a kanka," in ji Auta.

Aka yi dace kuwa yana da ƙurji ɗaya a kan hanci, wanda ya kwana biyu yana ɗora wa sauro laifinsa. Da tela ya ji shirin, ya ce irin wannan ilimi haramun ne a ɓoye shi, a tara jama'a kowa ya shaida. Ɗan Murmushi ya sanar da layi cewa ranar Asabar da sassafe zai buɗe fuskarsa a bainar jama'a. A kansa zai gano ma'auni, in an gano, na Auta ƙyas ɗaya ne.

Ya karɓe bututun Auta, ya je kemis ya kwashe duk wanda ya rage a kanta. Mai kemis ta tambaye shi ko duk na mutum ɗaya ne, ya ce na asibiti ne.

Shi dai abin da ya sani a duniya wanke hoto ne, irin na da: a shiga duhu, a tsoma a magani, a ɗauraye, a shanya. Don haka ya yanke cewa fuska ma haka za a wanke ta. Ya fara share fage da soso da gishiri. Ya bi da lemun tsami. Ya ƙara da man goge baki, don a ganinsa duk abin da ke da "goge" a sunansa ɗan'uwan aiki ne. Sannan ya matse man likita ya yaɓa shi kamar mai yaɓen ɗaki, tun daga gaban goshi har cikin gemu. Duhu kuwa, ya sauke shuɗin labulensa ya lulluɓe kai, ya danna shi a fuska da tafin hannu don maganin ya shiga. Madubi ya juya shi ya kalli bango, don ba a leƙa hoto kafin ya nuna.

Ba a jima ba fuskar ta ɗau wuta.

"Yaya jiki, likita?" in ji tela.

"Hoto yana fitowa."

"Na ji kana nishi."

"Zafi shi ne shaidar aiki."

Da rana ta take ya fita bayan shago ya yaye labule, ya zauna a kan bokiti ya miƙa wa rana fuska. Matar da ke haya a saman bene ta fito shanyar kaya, ta leƙo, ta koma ciki ta gaya wa mijinta cewa yau ta ga an shanya mutum.

Washegari ya ƙara wani yaɓen a kan na jiya. Fata ta ɗaure, baki ya ƙi buɗewa sosai, ya koma shan ruwa ta gefe. Aiki kuma bai tsaya ba. Masu son fasfo suka riƙa zuwa suna tarar da mutum da labule a ka. Ya ce musu salon da ne ya dawo, wanda mai hoto ke cusa kai cikin ƙyalle. Da yake labulen yana kansa, sai suka tsaya a gaban bangon da babu komai sai ƙusoshi da zanen damshi. Da yake kuma ba ya gani sosai, wani direba ya tafi da fasfon da ya fara daga haɓa ya ƙare a aljihun riga. Da ya yi ƙorafi, Ɗan Murmushi ya ce masa ai ba a dawo da hoto a nan, ya karanta allo.

Auta ta zo ta tsaya a gaban labulen da kawunta ke ciki.

"Kawu, ka ba ni maganina ko ka ba ni hotona."

"Ki yi haƙuri, yarinya."

"Likita ma haƙuri ta ce, ka ce ɓata lokaci ne."

"Nata haƙurin jahilci ne. Nawa na bincike ne."

"Shekara guda na yi ina shirin jarrabawar nan. In na rasa ta, ba ƙuraje ne suka hana ni ba."

Wannan ta taɓa shi, don yana son yarinyar har ransa. Sai dai shi irin mutanen nan ne da in tausayi ya kama su sai su ninka kuskure. Tana fita ya matse bututu biyu a lokaci ɗaya, saboda ita.

Ranar Asabar tela ya riga kowa fitowa, ya jera benci kamar shi aka yi wa haihuwa. Mai kemis ta zo, matar saman bene ta zo da mijinta, direban nan ya zo da fasfon aljihunsa. Auta ta tsaya a gefe da kati a hannu, ta yi shirin tafiya, idonta na kan hanya. Ɗan Murmushi ya fito yana lalube, ya yi jawabi daga cikin labule. Ba a ji da kyau ba, don leɓɓansa ba sa haɗuwa, amma an tsinci "tarihi" da "asibitoci za su rufe."

Ya ja labule, labule ya ƙi. Ya manne. Tela ya taso da saurin da ba a taɓa ganin ya cika alkawarin ɗinki da shi ba, ya kama gefe ya ɓamɓare.

Kowa ya zuba masa ido.

Fuskar ta yi jajir, ta kumbura, tana saɓa kamar bangon da fenti ke ɓarewa. Idanun sun shige ciki, sai 'yar tsaga. Gemun da Allah ya bar masa baƙi ya koma ruwan tsatsa, ga furfura ta leƙo daga ƙasa tana gaida jama'a. A kan hanci kuwa ƙurjin nan yana nan daram, ya ma ƙara ƙiba. Duk abin da ke fuskar ya ji jiki sai shi.

"Yaya?" in ji Ɗan Murmushi. "Ya tafi ko?"

"Shi kaɗai ya rage," in ji mai kemis.

Tela ya baza labulen don ya kakkaɓe, sai ya tsaya. Ya ɗaga shi sama ya juya wa jama'a. A tsakiyar shuɗin, inda man ya ci launi, ga fuskar mutum ta fito sarai: goshi, ramukan ido, katon hanci, da gemu.

"Jama'a, kada a zalunce shi," in ji tela. "Hoto ya fito. Wannan ma ya yi kama da mai shi."

Dariya ta ɓarke har direba ya zauna a ƙasa. Matar saman bene ta ce garin neman gira an rasa ido. Ɗan Murmushi ya so ya yi bayani cewa wannan mataki ne na farko, amma da ya buɗe baki leɓe ya tsage, ya mayar ya rufe.

Auta ba ta yi dariya ba, lokaci na tafiya. Ta shiga shagon, ta kunna fitilu, ta saita kyamara a kan ƙafafunta kamar yadda ta sha ganin ana yi. Ta ce wa tela ya kawo farin yadi ya riƙe a bayanta, tunda shi ya tura kara. Sannan ta jawo kawunta ta ɗora yatsansa a kan maɓalli, ta koma ta tsaya.

"Danna, Kawu."

Ya danna. Wannan ne hoto na farko da ya ɗauka a rayuwarsa bai ce komai ba. Hannunsa ya tafi da kansa yana laluben linzamin kwamfuta, ko allon ba ya gani, amma hannu ya saba. Sai ya ji an riƙe masa wuyan hannu.

"Yaya, cire hannunka," in ji uwar Auta.

Tunda aka haife ta ba ta taɓa yi masa musu ba. Ya cire.

Hoton ya fito da ƙuraje a goshi da kumatu da haɓa, da hancin gidansu, da tawadar Allah a gefen baki. Auta ta yanke shi da almakashin tela ta fita da gudu. Uwarta kuma ta yafa wa yayanta farin yadin, ta ja shi zuwa asibiti kamar mai jan makaho.

Layin marasa lafiya ya yi tsawo, sai bayan azahar suka shiga. Likita ta daɗe tana kallonsa.

"Abokin aiki," ta ce, "me ya faru?"

"Gwaji ne na ilimi."

"An samu sakamako?"

Ƙanwarsa ce ta lissafa mata soso da gishiri da lemun tsami da man goge baki da zaman rana. Likita ta ce fatar ta ƙone ne, za ta warke in an ƙyale ta. A daina komai, a wanke da ruwan sanyi, a shafa man da za ta rubuta, a zauna a inuwa. Ƙurjin hanci kuwa, da an bar shi da tuni ya tafi da kansa. Gemu ba ta da maganinsa, sai reza.

Suna cikin haka Auta ta turo ƙofa, tawada a yatsunta, fuskarta cike da fara'a.

"Na rubuta. Mai ƙofa yana duban hoton ya ce, 'Yawwa, yau ke kika zo da kanki.'"

Uwarta ta rungume ta. Ɗan Murmushi ya ji daɗi har ƙwalla ta taru a 'yar tsagar idonsa, ta gangaro a kan ƙuna, ya gane kurensa. Da zafin ya lafa ya ce, "Kin gani? Hoton shagona ne ya shigar da ke."

Likita ta ce tana son hoton fuskarsa na yau, don in ya dawo a gwada a ga yadda take warkewa. Ta miƙa wa Auta wayarta. Ɗan Murmushi ya ce hasken ɗakin bai dace ba, ba wanda ya kula shi. Auta ta matsa baya, ta ɗaga waya, ta karkata kai daidai yadda yake yi.

"Ɗan murmushi, Kawu."

Ya gwada, bai samu ba. Da ta ɗauka ya ce a nuna masa. Ya kawo wayar daf da ido, ya ɗaga fatar idon da yatsa, ya ga abin da layi ya gani tun safe. Can ya jawo Auta kusa, ya yi ƙasa da murya don kada likita ta ji.

"'Yar albarka, kafin ki mayar mata, ki ɗan taɓa shi. Ko gemun kawai. Wannan hoton bai yi ba."

Auta ta dubi wayar, ta dube shi, ta sake duban wayar.

"Hoton daidai yake, Kawu," ta ce. "Fuskar ce ta yi kuskure."